Kukan Shanu a Titin Merton

Daren farko da na kwana a Banbury, kukan shanu ne ya tashe ni. Ban buɗe ido nan take ba, don na ɗauka a Wudil nake, a soron gidanmu, ranar Juma'a, kuma yanzun nan zan ji muryar Baba yana cewa in tashi in ɗauko igiya. Sai da sanyi ya ratso bargo ya taɓa ƙashina sannan na tuna jiya na sauka daga jirgi a Landan, na hau jirgin ƙasa, aka kawo ni wannan ɗan ɗaki a wata unguwa da ake kira Grimsbury. Na tashi na ɗaga labule. Gari bai gama wayewa ba. Manyan motoci ne jere a titi, fitilunsu a kunne, ta ramukan jikinsu kana hango hancin shanu suna fitar da tururi. Da na ɗan buɗe tagar, warin kashin shanu ya buge ni. Na koma bakin gado na zauna, na ce: ikon Allah, abin da na guda ya riga ni isowa.

Wannan a watan Oktoban 1997 ne, ina da shekara 28.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, dillalin shanu ne a Karar Wudil. Kafin ya zama dillali, yana saurayi, ya yi koren shanu da ƙafa zuwa Kurmi. Mutum ne da idan ya zagaya sa sau ɗaya, ya ɗaga leɓensa ya duba haƙora, ya kama gindin wutsiya ya matsa, to ya gama, zai faɗa maka kuɗinsa, kuma da wuya kasuwa ta ƙaryata shi. Ni kuwa ban ga abin alfahari a nan ba. A makarantar kwana yara sun ce min ina warin kara, na riƙe maganar a zuci shekara da shekaru. Duk Juma'ar hutu da Baba ya ja ni kasuwa, jikina na can, raina na wani wuri. Da na samu shiga makarantar aikin jinya a Kano, farar rigar nan ta fi komai yi min daɗi, saboda ba ta haɗa hanya da turke ba. Ranar da na zo sallamar tafiya Ingila, Baba bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce in riƙe sallah, sannan ya tambaye ni ko Turawa suna da dillalai. Na yi dariya na ce ba na jin suna da su. Ban san abin da nake faɗa ba.

Banbury gari ne a arewacin yankin Oxfordshire, tsakanin Oxford da Birmingham, a bakin wani ɗan kogi mai suna Cherwell. Mutanensa a lokacin ba su wuce dubu 40 da wani abu ba. Aiki na samu a wani gidan kula da tsofaffi, yawanci aikin dare. Mai gidan da na kama haya dattijo ne ɗan Pakistan daga yankin Mirpur, wanda ya zo tun shekarun 1960 ya yi aiki a masana'antar alminiyam da ke titin Southam har ya yi ritaya. Kowa Chacha yake ce masa, wato Baffa a harshensu. Na daɗe ban iya kiransa haka ba tare da murmushi ba, don a kunnena caca nake ji, ga shi kuwa mutumin ko ludo ba ya yi. Shi ya fara faɗa min cewa garin nan wari biyu gare shi: idan iska ta taso daga arewa, ƙamshin gahawa ne daga masana'antar da ke Ruscote Avenue, idan ta tsaya cik, to na maƙwabtanmu ne masu ƙafa huɗu. Ya ce kasuwar shanun da ke bayan gidanmu, a titin Merton, ana cewa babu kamarta a duk yammacin Turai. Na ce masa to, a raina kuwa na yi alkawarin ko leƙawa ba zan yi ba.

Alkawarin bai kai wata guda ba. Wata safiya ina dawowa daga aiki, ido duk barci, na tarar da wata mota ta tare hanya a bakin ƙofar kasuwa. Wani ɗan bijimi ja mai farar fuska ya kafe a kan gangaren saukowa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Samari biyu suna ta ihu suna buga masa sanda a gindi, shi kuwa sai ƙara turjewa yake. Ni dai ban san lokacin da na ajiye jakata ba. Na ga abin da yake tsoro: wata leda ce ta maƙale a ƙarfen shinge, iska na kaɗa ta daidai idonsa. Na cire ledar na cusa a aljihu, na koma daidai kafaɗarsa na tsaya, ba a gaba ba, ba a baya ba, na yi masa ɗan tsakin nan da harshe da Baba yake yi. Ya huro hanci, ya dube ni, ya sauko a hankali kamar wanda aka yi wa iso.

Wani tsoho mai hular taɓa-ka-lashe da doguwar rigar aiki ruwan ƙasa yana jingine da sanda yana kallo. Ya ƙare min kallo tun daga takalmi har farar rigar da ke leƙowa ta ƙarƙashin kwat, ya ce: "Yaro, wa ya koya maka tsayawa a kafaɗa?" Na ce mahaifina. Ya ce: "To ya koya maka daidai. Waɗannan shekara biyu ina faɗa musu." Ashe maƙwabcina ne, gida huɗu tsakaninmu. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan da rai. Ni Sarkin Kara na sa masa, na fassara masa ma'anar, ya ji daɗi har ya riƙa gaya wa abokansa a mashaya cewa an naɗa shi sarauta a Afirka.

Shi ya fara shiga da ni ciki. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne babu ciniki irin wanda na sani. A Wudil mai saye ya taya, dillali ya ce albarka, a ja juna gefe, a yi rantsuwa, a yi fushin ƙarya, a tafi a dawo, kafin a kai ga sallamawa rana ta take. A nan wani zagayayyen fage ne da shingen ƙarfe, an yi masa kujeru hawa-hawa kamar gidan kallo. Saniya za ta bi ta kan sikeli, nauyinta ya fito kowa ya gani, ta shigo fage, mai gwanjo daga kan ɗan dandamalinsa ya fara zuba lissafi da saurin da ko kalma ɗaya ban kama ba. Masu saye kuwa kamar gumaka. Wannan ya ɗaga gira, wancan ya motsa ɗan yatsa a kan ƙarfe, wani ya ɗan karkata takardar hannunsa. Kafin minti ɗaya an buga guduma, an kora ta waje, wata ta shigo. Na ce wa Sarkin Kara da Baba zai ga wannan, cewa zai yi ba ciniki ba ne, fashi ne. Ya ce in bari a fita waje. A bayan fagen, a tsakanin shingaye, na ga wani manomi ya zaro 'yar takardar kuɗi ya danƙa wa wanda ya sayi shanunsa a tafin hannu, a ɓoye kamar mai ba da sadaka. Kuɗin sa'a suke kiransa: mai sayarwa ya mayar wa mai saye ɗan wani abu don dabba ta yi masa albarka. Can gefe kuma ga wasu 'yan kasuwa sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, suna sayen abin da ba nasu ba da sunan wani, suna cin la'ada. Dillalai ne ƙarara, hula ce kawai ta bambanta.

Ya gwada ni sau ɗaya, na sha kunya. Ya nuna min wani farin sa jibgege, irin Charolais na Faransa, ya ce in faɗi nauyinsa kafin ya hau sikeli. Na zagaya shi yadda Baba yake yi, na faɗa, sikeli ya ƙaryata ni da nisa. Idona ya saba da Bunaji da Rahaji da Bokolo, masu tozo da dogayen ƙafafu, waɗanda nauyinsu ke gaba. Waɗannan ba tozo, yawancinsu ba ƙaho, nama duk ya taru a cinya da gadon baya. Tsohon ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙugun san ya ce nan ake dubawa. Hannunsa kamar ɓawon itace. Rabon da wani ya kama hannuna ya ɗora a jikin dabba tun ina ɗan shekara goma.

Wani abin da ya ba ni dariya har na rubuta wa Baba a wasiƙa shi ne shanun suna da fasfo. Ba wasa nake ba. Tun daga 1996, saboda cutar haukar shanu, duk ɗan maraƙin da aka haifa sai an yi masa takarda mai lambar da ta dace da alamar kunnensa, duk inda aka kai shi a rubuta. Ni da nake kwana da tunanin bizar da ke cikin nawa fasfon, sai ga karsana ta fi ni cikakkun takardu. Ƙanena da ya karanta wa Baba wasiƙar ya ce har hawaye ya yi don dariya, kuma sai da duk Kara ta ji labarin.

Ranakun da ba ni da aiki, Sarkin Kara yakan ja ni cikin gari, mu haye gadar jirgin ƙasa da ta kogi. Shi bai yi karatu mai nisa ba, yana da shekara 14 ya bar makaranta, a tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya shiga kasuwa yana wanke shingaye. Amma garin a tafin hannunsa yake, kuma ta hanyar dabbobi yake karanta shi. Ya tsayar da ni a gaban zauren majalisar gari, ginin 1854, ya ce wannan filin Cow Fair ne, wato kasuwar shanu, a nan ake ɗaure su a kan titi kafin a kwashe ciniki a mayar Grimsbury kusa da tashar jirgi tsakanin shekarun 1920 da farkon 1930. Mahaifinsa ya ga lokacin da masu kantuna suke kare ƙofofinsu ranar kasuwa kada sa ya faɗo musu. Wani ɓangare na babban titin da yanzu ake kira High Street, da Sheep Street ne, titin tumaki. Ga Horse Fair, kasuwar dawaki. Ga Butchers Row, layin mahauta. Ga Cornhill, inda ake hada-hadar hatsi. Na ce masa ai mu ma haka muke, a Kano akwai 'Yan Awaki da 'Yan Kaba da Soron Ɗinki, sunan wuri yana riƙe sana'a ko bayan masu ita sun tashi.

Kasuwar Alhamis ta garin, wadda har gobe ake ci a dandalin Market Place tare da ta Asabar, ta samo asali tun ƙarni na 12, zamanin da garin yake hannun bishof na Lincoln, wanda ya gina fada mai ganuwa a wurin wajen 1135. Fadar ba ta nan. Ta sha ƙawanya a yaƙin basasar Ingila, aka rushe ta a 1648, mutanen gari suka kwashi duwatsun suka gyara gidajensu. Sunanta kawai ya rage a jikin rukunin kantunan Castle Quay. Haka ma ginshiƙin gicciyen nan da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto saboda wata waƙar yara da ta ambace shi: ba na asali ba ne. Masu tsattsauran ra'ayin addini na garin sun farfasa na da a 1600, wannan na yanzu an gina shi ne a 1859 don tunawa da auren babbar 'yar Sarauniya Victoria. Sarkin Kara bai damu da gicciyen ba ko kaɗan. Ya ce baƙi su zo su ɗauki hoton dutse, alhali abin da ya ciyar da garin yana can ƙetaren gada yana kuka, ba mai leƙa shi.

Inda hirarmu ta fi daɗi shi ne a kan masu kore. Kafin jirgin ƙasa ya iso Banbury a 1850, da ƙafa ake koro shanu tun daga duwatsun Wales zuwa kasuwannin tsakiyar Ingila da Landan. Akwai tsohuwar hanya da har yau ake kira Welsh Road, tana ratsa wata da ake kira Banbury Lane, wadda ta nufi Northampton. Ya ce har takalmin ƙarfe ake buga wa shanun, guda biyu a kowace ƙafa saboda kofaton a rabe yake, kada doguwar tafiya ta cinye shi. Ni kuma na ba shi labarin Baba, yadda suke tashi da garke su yi makonni a hanya, su ƙetare Kwara a Jebba, suna gudun ƙudan tsando, suna kwana a zango, dabba ta rame kafin a isa Ibadan. Ina cikin ba shi labarin ne na lura ashe na riƙe duk abin da Baba ya faɗa, har da sunayen zangunan, ni da nake ganin ba saurare nake ba. Tsohon ya yi ta yi min tambayoyin da ban san amsarsu ba: mutum nawa ke bin shanu ɗari, me ake yi da wadda ta karye a hanya. Dole na riƙa rubutawa gida ina tambaya. Wasiƙun da suka fi tsawo tsakanina da mahaifina duk a kan shanu ne, kuma wani Bature ne sanadi.

Bikin da na tarar an toshe tituna da lilo da fitilu a makon da na sauka, shi ma ya fassara min shi. Bikin Michaelmas ne, ana yinsa kwana uku a kowane Oktoba. Yanzu wasan yara ne da ciye-ciye, amma da kasuwar ƙwadago ce. Barori da 'yan aikin gona su tsaya a dandali, makiyayi da ɗan ulu a jikin hularsa, 'yar aikin gida da abin goge ɗaki a hannu, manomi ya zagaya ya duba ya ɗauki wanda ya yi masa na shekara guda. Ya ce kakarsa ta tsaya a wurin. Na tambaye shi ko ana duba haƙora. Ya yi dariya ya ce saura kaɗan.

Ashe duk a ƙarshen zamani na zo. Cutar haukar shanu ta riga ta karya kasuwa: a watan Maris na 1996 Tarayyar Turai ta hana fitar da naman shanun Birtaniya, gwamnati kuma ta hana cin duk saniyar da ta haura wata 30. Manyan kantuna sun fara saye kai tsaye daga gona zuwa mayanka, ba sai an bi ta fage ba. Ga kasuwar a tsakiyar gidajen mutane, manyan motoci na kutsawa ta ƙananan tituna. Masu ita sun so su mayar da ita bayan gari kusa da babbar hanyar M40, maganar izini ta cije.

Kafin wannan ta warware, sai ruwa. A watan Afrilun 1998, kwana biyu ko uku bayan mun yi babbar sallah, daidai hutun Ista, aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi. Cherwell, ɗan kogin da nake rainawa idan na tuna kogin Wudil, ya cika ya haɗe da hanyar ruwan da aka haƙa wa jiragen dakon gawayi tun 1778. Tashar jirgin ƙasa ta zama tafki, layin dogo ya nutse. Na dawo daga aiki da takalmi a hannu, wando a naɗe, ruwan kuwa sanyinsa kamar ana yanka ƙafa da reza. Namu gidan ruwa ya tsaya a ɗakin ƙasa, inda akwatina yake. Takardun makarantata sun tsira don suna cikin leda. Wasiƙun Baba guda uku, da ƙanena ya rubuta da biro shuɗi, suka zama kunu. Chacha ya shimfiɗa su a kan hita, amma rubutun ya riga ya tafi.

A watan Yuni aka rufe kasuwar. Labarin ya zo wa ma'aikata kusan ba shiri. Na je ranar ƙarshe, na tsaya can sama a bayan kujeru. Ba a yi wani kuka ba, Turawan karkara ba sa yi a gaban mutane. Tsofaffin manoma dai sun ƙi tafiya bayan an gama, suna tsaye biyu-biyu uku-uku a tsakanin shingayen da ba komai, suna maganar farashin ciyawa. Sarkin Kara ya ɗauki tiyo ya wanke layinsa tas, kamar gobe za a kawo wasu. Wani saurayi ya ce masa, Kaka, wa kake wanke wa? Bai tanka ba. Ya naɗe tiyon ya rataye a inda yake rataye shi, ya ɗauki sandarsa muka fito.

Abin da na gani bayan nan, a matsayina na ma'aikacin jinya, shi ne ba ciniki kaɗai aka rufe ba. Manomin da ke zaune shi kaɗai a gona mil goma daga gari, ranar kasuwa ce kawai yake ganin mutane, ya yi aski, ya ci abinci mai zafi, ya yi ƙorafin gwamnati. Wasu daga cikinsu daga baya sun biyo ta hannuna a wurin aiki, kuma da na ce musu na san kasuwar Merton, sai ka ga fuska ta saki. Sarkin Kara kansa ya yi wata shida yana tashi da asuba, ya sa rigar aiki, ya zauna a kicin.

Baba ya rasu a watan Maris na 2001. Da asuba aka bugo wayar gidan Chacha, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ni ina nan ina kallon bango. A daidai lokacin ne ciwon ƙafa da baki, wanda makiyayanmu ke kira boru, yake ta yaɗuwa a Birtaniya. An rufe kasuwannin dabbobi a duk ƙasar, an hana bin hanyoyin gona, kullum talabijin sai nuna tulin shanu ake ana ƙonawa, ƙafafu a sama. Kafin abin ya lafa an hallaka dabbobi sama da miliyan 6. A gida boru ciwo ne da ake jinya, dabba ta rame ta tashi. Na riƙa tunanin me Baba zai ce, sai in tuna ba wanda zan rubuta wa.

Chacha ya buɗe falonsa aka yi zaman makoki na kwana uku, 'yan Pakistan da 'yan Najeriya ƙalilan da ke kusa suka zo. Rana ta biyu sai ga Sarkin Kara a bakin ƙofa, cikin kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita. Ya ga takalma a waje, ya sunkuya da ƙyar ya cire nasa. Gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, amma ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya zame ya zauna a kan kafet tare da kowa. Da aka ɗaga hannu ana addu'a, ya cire hula ya riƙe. Bayan an shafa, ya matso ya ce min bai san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba. Sannan ya ce: "Wace irin saniya ya fi so?" Na ce farar Bunaji mai baƙin kunne. Ya gyaɗa kai ya ce in kwatanta masa ita. Na fara kwatantawa, tun daga ƙaho har wutsiya, kuma a nan ne kukan da ya ƙi zuwa tun jiya ya zo.

Na yi aure a 2003, na ɗauko iyalina, muka kama gida a unguwar. Garin ya ci gaba da sauya kama. An share filin kasuwar an yi gidaje, makarantar firamare ta Dashwood ta dawo wurin. Masana'antar alminiyam da ta buɗe a 1931, wadda ta yi wa jiragen yaƙi ƙarfe ta kuma kawo su Chacha garin, ta rufe wajen 2008. Manya-manyan rumbunan ajiyar kaya suka tashi a bakin M40, 'yan Poland suka zo suka buɗe kantuna a Grimsbury. Bayan wata ambaliyar a 2007, an gina madatsar kare gari daga kogin, aka buɗe ta a 2012. Masallacinmu yana kan titin Merton ɗin nan, duk Juma'a ta inda motocin shanu suke layi nake bi.

Sarkin Kara ya fara mantuwa wajen 2008. 'Yarsa ta kai shi wani gidan tsofaffi, ba wanda nake aiki ba, nakan je duk Lahadi. A hankali ya manta sunana, ya manta na 'yarsa. Ma'aikatan suka ce min yana damunsu da dare, yana tsayawa a baranda yana ƙirga, yana hana mutane wucewa, har ana shawarar a ƙara masa maganin barci. Na zauna na kalle shi wata yamma. Ba shirme yake ba. Ƙofa yake tsare, yana ƙirga masu shiga ɗakin cin abinci bibbiyu, kamar yadda ya yi shekara 50 yana yi. Na ce musu idan ya gama, wani ya ce masa lissafi ya cika, a rufe ƙofa. Suka gwada. Ya riƙa tafiya ya kwanta.

Zuwana na ƙarshe, ya ƙi cin abinci, ya juya fuska bango. Na tsaya daidai kafaɗarsa na yi ɗan tsakin nan na Baba. Ya juyo ya dube ni ya ce: "Wa ya koya maka?" Na ce mahaifina. Ya ce: "Ya koya maka daidai." Ya rasu a hunturun 2011. Bayan jana'iza 'yarsa ta kawo min sandarsa har gida, ta ce ya faɗa tun yana da hankalinsa cewa a ba yaron nan na Afirka, don shi kaɗai ya san inda ake tsayawa.

Sandar Baba kuwa ƙanena ya ajiye min, na ɗauko ta da na je gida a 2013. A filin jirgi sai da aka sa ta a cikin kaya, aka ce ba a shiga da ita. Tasa ta fi tsawo, ta Sarkin Kara ta fi kauri, dukkansu sun yi baƙi sun yi santsi a daidai inda hannu ke kamawa. Suna bayan ƙofar falo.

'Yata ta biyu a makarantar da ke filin kasuwar ta yi firamare. Wata rana aka ba su aikin gida a kan tarihin unguwa, malamarsu ta ce kowa ya tambayi wani babba me ke wurin kafin a gina makarantar. Ta dawo tana cewa ita ba ta da wanda za ta tambaya, don mu baƙi ne. Na ce ta ɗauko takarda da fensir. Na zana mata inda ƙofa take, inda sikeli yake, inda fage yake, da layin da Sarkin Kara yake wankewa, wanda a lissafina ya faɗo daidai wajen da suke ajiye kekuna. Washegari malamar ta aiko a tambaye ni ko zan zo in yi wa ajin bayani. Na nemi canjin aiki na ranar Talata, na tafi da sanduna biyu.